Daren da na goge saitin shekara shida da hannuna

1/ Jiya wani ya tambaye ni a nan yadda zai gwada saitin Emacs na wani ba tare da ya taɓa nasa ba. Na ba shi amsa a layi ɗaya, ya yi godiya ya wuce. Ni kuma sai abin ya tsaya min a rai, domin rashin wannan layin ne ya taɓa jawo min asarar aiki. Ga zare, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Layin shi ne wannan, don wanda yake sauri:

emacs --init-directory ~/saiti/gwaji

Ma'ana: Emacs, in za ka tashi, kada ka je gidanka na kullum neman saiti, ga foldar da za ka duba. Yana aiki daga Emacs 29 zuwa sama. Wanda wannan kawai ya kawo shi, an sallame shi. Sauran mu zauna.

3/ Sana'ata fassara ce, Turanci zuwa Hausa. Na fara amfani da Emacs a 2016, kuma ba don ina rubuta manhaja ba. Haruffa masu ƙugiya ne suka kai ni. ɓ, ɗ, ƙ. Duk wanda ya taɓa buga shafi hamsin na Hausa a kibod ɗin Turanci ya san irin ciwon kan da nake nufi.

4/ A Emacs na rubuta wa kaina 'yar hanyar shigar da su. In na buga k da alamar da na zaɓa, sai ƙ ta fito. Haka b da d, manya da ƙanana. Har na sa wani maɓalli na musamman: in aikin na mutanen Nijar ne, 'y ta koma ƴ, tunda haka suke rubuta ta a can.

5/ Sai kuma taƙaitattun kalmomi. Emacs yana da wani tsari da za ka koya masa cewa in ka buga harafi biyu ko uku, ya buɗe su su zama jimla. Ni in na buga dh sai ya zama "ƙarewar ruwa a jiki". Duk kalmar da muka yi gardama a kanta da masu ba ni aiki muka tsayar, nan nake zuba ta.

6/ To ka ga wannan fayil ɗin ya wuce saiti, ƙamus ɗina ne. Shekara shida ina tara shi, kalma bayan kalma. Kuma duk yana zaune a wuri ɗaya: wata ɓoyayyiyar folda mai suna .emacs.d a cikin gidan akawun ɗina. Kwafi ɗaya tak a duniya. Ban taɓa tunanin hakan matsala ba ne.

7/ Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai saba ba. Duk lokacin da Emacs ya tashi, yakan nemi fayil ɗin saiti a wurare sanannu. Yana fara duba fayil ɗin .emacs a gidanka. In babu, ya duba init.el a cikin .emacs.d. Daga Emacs 27, wanda ya fito a 2020, an ƙara .config/emacs, amma sai in waɗancan ba su nan.

8/ Kuma ba init.el kaɗai ke zama a foldar ba. Ƙarin manhajojin da ka sauko da su suna cikin elpa. Taƙaitattun kalmomi suna abbrev_defs. Alamomin shafi suna bookmarks. Jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan, tarihin abin da ka buga, duk nan ne. Foldar nan ita ce ƙwaƙwalwar editan baki ɗaya.

9/ Matsalar a lokacin ita ce wurin zama ɗaya ne. Akwai manyan saituka da mutane suka haɗa suka raba kyauta, irin su Spacemacs da Doom Emacs. Kowannensu so yake ya zauna a daidai inda naka yake. In kana son gwada na wani, sai ka tashi naka daga kujerar tukuna.

10/ A 2022 na samu aikin wani ɗan littafi kan gudawar yara da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Na wata ƙungiya ne, ba sai na faɗi suna ba. Na ci kusan kashi uku cikin huɗu, saura in ƙarasa in miƙa da safe. Da la'asar na gaji, na ce bari in huta da kallon bidiyo.

11/ Bidiyon da na faɗa kai na Doom Emacs ne. Launuka masu kyau, yana tashi kamar walƙiya. Zuciya ta ce min, gwada mana, minti talatin ne. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ni da ke da aikin miƙawa gobe, wai a ranar ne zan canza edita.

12/ Na bi matakan da kowa yake bi a lokacin. Na canza wa foldata suna:

mv ~/.emacs.d ~/.emacs.d.tsoho

Na sauko da Doom a wurinta, na girka, data ta tafi. Na buɗe. Kyau kam akwai. Amma maɓallansa na Vim ne, hannuna bai san su ba, kuma babu ƙugiyoyina. Na ce a'a, ba yau ba.

13/ Na goge shi:

rm -rf ~/.emacs.d

Na mayar da tawa:

mv ~/.emacs.d.tsoho ~/.emacs.d

Har nan komai daidai. Ina gama buga na biyun aka yi sallama a ƙofa. Baƙo ne daga gida. Gaisuwa, abinci, sallar magariba, hira, sallar isha'i. Sai wajen ƙarfe tara na dawo kan kwamfutar.

14/ Na zauna, kaina yana kan hirar da muka yi. Na tuna dai ina cikin cire Doom aka katse ni. Na danna kibiyar sama sau biyu a tamina, na ga layin rm ɗin nan. Na ce au, ashe a nan na tsaya. Na danna Enter. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba.

15/ Sai na sake kiran layin mv don in mayar da tsohuwar. Tamina ta ce babu wata folda mai wannan suna. Na karanta sau uku. Na duba da ls. Babu .emacs.d, babu .emacs.d.tsoho. Wallahi sai da na ji wani sanyi ya bi ta bayana. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

16/ Ga wanda bai sani ba, rm ba ya kai abu kwandon shara. In ya goge, ya goge. Na gwada PhotoRec, ya kwaso min dubban gutsattsarin fayiloli marasa suna. Na bi su har wajen sha ɗaya na dare ban ga ƙamus ɗina ba. Na haƙura, domin aikin mutane yana jira.

17/ Fassarar kanta ba ta ɓata ba, tana wata folda daban. Kayan aikin ne suka tafi. Daren nan kowace ƙ sai na danna C-x 8 RET, na buga 199, sannan ta fito. ɗ kuma 257, ɓ 253. Daga baya na koma kwafa da mannawa. Ka ƙirga ƙ nawa ne a shafi ɗaya na Hausa, ka ga irin daren da na yi.

18/ Wani zai ce ai sai ka bar ƙugiyoyin, mutane za su gane. A hira ta waya, e. A littafin lafiya, a'a. "Kada a ɓata lokaci" in ƙugiya ta faɗi, mai karatu yana iya ganin "kada a ba ta lokaci". Ana maganar yarinya mai gudawa. Ba na son in zama sanadin irin wannan ruɗanin.

19/ Ƙugiya dai na iya da ita. Ƙamus ɗin ne ya kayar da ni. A farkon littafin na yi amfani da kalmomin da muka tsayar da su. A ƙarshensa, da babu mai tuna min, na rubuta abin da ya zo kaina da asuba. Abu ɗaya ya fito da suna biyu, wani ma uku.

20/ Mai duba aikin ta dawo min da shi, duk ja. Kuma tana da gaskiya. Uwar da za a karanta wa littafin ba za ta san cewa sunan da ta ji a shafi na 4 da wanda ta ji a shafi na 19 abu ɗaya ba ne. Na gyara, na miƙa bayan kwana biyu. An biya ni. Aiki na gaba ba a kira ni ba.

21/ Ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ɓarawo ba ne, ba ruwa ba ne ya shiga kwamfutar, ba wuta ce ta ƙona ta ba. Yatsana ne. Kuma dalilin da ya sa yatsan ya kusanci rm tun farko shi ne babu hanyar gwada sabo sai an ɗaga tsoho.

22/ Allah ya taimake ni da wani aboki da na taɓa tura wa init.el ɗina ta imel a 2019. Ya nemo ya dawo min da shi. Ƙugiyoyi suka dawo. Ƙamus kuwa ban taɓa tura wa kowa ba. Na sake gina shi daga tsofaffin ayyukan da na miƙa, wata da watanni, kuma har yau nakan tuna wata kalma da babu ita.

23/ Bayan nan na rantse ba zan sake matsar da foldar nan ba. Amma son gwaje-gwaje bai bar ni ba. Sai na shiga neman yadda zan nuna wa Emacs wata folda daban. Na bi hanyoyi huɗu kafin a kawo ta gaskiya. Zan faɗe su, domin har yanzu akwai masu tsohon Emacs da za su buƙace su.

24/ Ta farko: mahaɗin nuni da ln -s. Saitukanka suna zaune a foldoji daban-daban, .emacs.d kuma ta zama alama ce kawai mai nuna ɗaya daga ciki. Ta fi mv aminci. Amma ɗaya kake iya nunawa a lokaci guda, kuma kullum sai ka tuna ina ka bar alamar tana kallo.

25/ Ta biyu: yi wa Emacs ƙaryar gida.

HOME=~/saiti/gwaji emacs

Zai ɗauka nan ne gidanka, ya nemi .emacs.d a ciki. Tana aiki. Sai dai duk abin da ka kira daga cikin Emacs shi ma ya gaji ƙaryar. Git ya nemi .gitconfig bai gani ba, ya ce bai san ko ni wane ne ba. Alamar ~ ma ta daina kai ni inda na saba.

26/ Ta uku:

emacs -q -l ~/saiti/gwaji/init.el

Wato tashi babu saiti, sannan ka loda wannan fayil. Wannan ta fi yaudara, domin kamar ta yi. Alhali fayil ɗaya kawai ka canza. Emacs yana nan yana ɗaukar .emacs.d a matsayin gidansa, duk abin da zai ajiye can zai kai.

27/ Ƙari a kan haka, early-init.el na sabon saitin ba a karanta shi, kuma fayil ɗin naka yana shigowa ne a makare, bayan an riga an wuce wasu matakan tashi. Sai ka ga abu yana aiki a wurin mai shi, a wurinka ya ƙi, ka rasa dalili. Na sha wannan.

28/ Ta huɗu: Chemacs, na Arne Brasseur. Ɗan ƙaramin shiri ne da ke zama a inda Emacs yake duba saiti, ya karanta jerin da ka rubuta a .emacs-profiles.el, ya tura Emacs foldar da ka zaɓa da --with-profile. Ita na daɗe a kai. Wanda Emacs ɗinsa bai kai 29 ba, ita zan ce ya bi.

29/ Sai ranar 30 ga Yuli, 2023, Emacs 29.1 ya fito da --init-directory a jikinsa. Babu ƙarya, babu ɗan aike. Abin da yake yi shi ne canza user-emacs-directory tun kafin a karanta komai. Don haka early-init.el, init.el, elpa, abbrev_defs, duk a sabuwar foldar ake nema kuma ake ajiyewa.

30/ Kafin ka gwada, buga emacs --version. Ubuntu 22.04 da Emacs 27.1 yake zuwa, Debian 12 da 28.2, Ubuntu 24.04 kuma da 29.3. In naka tsoho ne, zai loda saitinka na kullum, sannan ya ce bai san wannan zaɓin ba. Ni sai da na haɗa 29 da kaina a lokacin, don ban iya jira ba.

31/ Bayan ya tashi, kada ka yarda da ido. Danna C-h v, ka rubuta user-emacs-directory, ka ga folda wacce ya ambata. Sake yi da user-init-file, ka ga fayil wanne ya karanta. Daƙiƙa goma ne. In amsoshin biyu suna nuna inda ka tura shi, to ka shiga gwajinka hankali kwance.

32/ Yanzu tsarina mai sauƙi ne. .emacs.d ta aikin fassara ce, ba na taɓa ta sai da dalili. ~/saiti/gwaji kuma filin wasa ne. Duk abin da na gani ya burge ni, can yake fara sauka. In ya yi wata guda ina komawa gare shi, sannan ya samu shiga gidan aiki. Mafi yawa ba sa kaiwa.

33/ Na sa gajeren suna a .bashrc don kada in riƙa buga dogon layi:

alias egwaji='emacs --init-directory ~/saiti/gwaji'

Na kuma ba na gwajin launi daban, baƙin bango, na aiki kuma fari. Ina iya buɗe su biyun gefe da gefe, kuma da kallo ɗaya na san a wane gida nake.

34/ Amma akwai rami ɗaya da na faɗa, kuma ƙanwata ce ta gano min shi. Tana rubuta furojet ɗinta na ƙarshe a laftof ɗina, tana son ƙugiyoyin nan don wasu bayanai da ta tattaro da Hausa. Na buɗe mata ~/saiti/kanwa, na kwafa mata init.el ɗina, na rage abubuwan da ba ta buƙata.

35/ Bayan kwana biyu ta same ni. "Yaya, wai me ya sa in na rubuta dh sai ya koma ƙarewar ruwa a jiki? Ni ban sa shi ba." Na ce ba zai yiwu ba, foldarki daban. Ta ce, "To zo ka gani da idonka." Na je na gani. Ƙamus ɗina ne a cikin editanta.

36/ Na buɗe init.el ɗin. Tun shekarun baya na rubuta hanyar fayil ɗin da hannu: "~/.emacs.d/abbrev_defs". Ka tura Emacs ko'ina kake so, in layin cikin saitin ya ce je ka .emacs.d, can zai je. Ba karantawa kaɗai ba, har rubutawa. Taƙaitattun kalmomi biyu da ta ƙara suna cikin ƙamus ɗina.

37/ Gyaran shi ne ka nemo duk inda ka rubuta hanyar da hannu:

grep -rn "emacs.d" ~/saiti/kanwa

Sai ka maye gurbinsu da irin wannan:

(locate-user-emacs-file "abbrev_defs")

Wannan yana bin duk foldar da Emacs ya tashi da ita. Ka duba custom-file ma, da load-path, nan aka fi samun irin wannan.

38/ Ita kuwa a ƙarshe akawun nata na buɗe mata a kwamfutar, wanda shi ya kamata in yi tun farko. Raba foldar saiti yana raba saiti ne kawai. Takarduna, hotunana, aikin mutane da ke hannuna, duk tana iya buɗewa. In mutum biyu ne, a raba akawun. In mutum ɗaya ne mai aiki iri biyu, a raba folda.

39/ Wannan ya kawo ni kan gargaɗin da ya fi muhimmanci. Foldar gwaji ba keji ba ce. Saitin Emacs shiri ne mai gudana da duk ikon da kake da shi a kwamfutar. In ka sauko da na wani ka tayar da shi, yana iya karanta ko goge duk abin da kai za ka iya. Karanta kafin ka kunna, musamman na wanda ba a sani ba.

40/ Na biyu, data. Kowace folda da nata elpa, don haka kowace sai ta sauko da nata kayan. Ana iya haɗa su a wuri ɗaya da package-user-dir, na gwada. Amma ranar da na sabunta wani abu don gwaji, na aiki ma ya canza. Na koma rabawa. Nakan jira sai na samu wayfai in yi manyan saukarwa.

41/ Na uku, masu barin Emacs a kunne a bayan fage suna shiga da emacsclient. Shi emacsclient ba ya karanta saiti, wanda ke kunne kawai yake samu. Sai ka ba kowanne suna:

emacs --init-directory ~/saiti/gwaji --daemon=gwaji
emacsclient -s gwaji -c

In ba haka ba, za ka yi ta mamakin me ya sa canjinka bai fito ba.

42/ Na huɗu, Doom da Spacemacs suna da wurin ajiye naka gyare-gyaren daban da foldar Emacs. Doom yana duba .doom.d ko .config/doom, ana canza shi da DOOMDIR. Spacemacs yana duba .spacemacs, ana canza shi da SPACEMACSDIR. In kana son komai ya zauna wuri ɗaya, sai ka saita su ma.

43/ Na san yawancinku ba Emacs kuke amfani da shi ba, to ga naku. Neovim, daga 0.9 da ya fito a Afrilun 2023:

NVIM_APPNAME=gwaji nvim

Zai duba .config/gwaji a madadin .config/nvim, kuma ya ware wa wannan sunan wurin ajiye kayansa da tarihinsa daban. Tsaf yake.

44/ Vim yana da -u, amma irin ramin -q -l ne: fayil ɗaya ka canza, foldar .vim tana nan a hanyarsa. VS Code kuma zaɓi biyu ne, a haɗa su tare:

code --user-data-dir ~/saiti/vs --extensions-dir ~/saiti/vs-kari

In ka ba da na farko kaɗai, saiti ya rabu amma ƙarin manhajojin na kowa ne.

45/ Duk da haka, kada wani ya tashi daga zaren nan da tunanin cewa --init-directory ne zai cece shi. Ya cire dalilin da ya sa na taɓa foldata a daren nan, shi ke nan. Diski yana mutuwa, ana sace laftof a mota, shayi yana zubewa. Kwafi ɗaya kwafi ɗaya ne, ko wace folda yake ciki.

46/ Yanzu .emacs.d ɗina tana cikin git. Na cire elpa da eln-cache ta .gitignore, tunda ana iya sake samo su. init.el da abbrev_defs kuwa duk ranar Juma'a sai na tura su ma'ajiyar sirri a intanet, kuma akwai kwafi a filash cikin durowa. Ƙamus ɗin ya fi laftof ɗin daraja a wurina.

47/ Na kuma daina kiran rm da kibiyar sama. In zan goge abu, da hannu nake buga layin daga farko, bayan na yi ls na ga abin da ke ciki. In aka yi sallama ina tsakiyar irin wannan aikin, in na dawo ba na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya. Dubawa nake yi.

48/ Doom ɗin ma na koma na gwada shi da kyau, a foldar gwaji, ranar da ba ni da aikin kowa a hannu. Na yi mako uku da shi. Abu ne mai kyau, na ɗauko dabaru biyu daga ciki na kai gida. Da na gama na goge foldar, gabana ko faɗuwa bai yi ba.

49/ In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran. Yau kafin ka kwanta, nemo inda editanka yake ajiye saitinsa, ka yi kwafi a wani wuri. Wanda ya ga kuskure a abin da na faɗa ya gyara min a ƙasa, musamman 'yan Neovim da VS Code, don ni baƙo ne a can. Allah ya tsare mana abin hannunmu.